Haya ko Dako? Yadda Masu Wasan Kayitsafin Ke Lissafin Kaya Kafin Tafiya

Duk mai yawan leƙa YouTube, TikTok ko Instagram zai yi wuya a ce bai taɓa cin karo da bidiyon mutum a tsaye bisa ɗan allo ba, wata ƙatuwar laima a sama tana jansa a guje kan ruwan teku, can sai a ga ya yi sama kamar an fizge shi. Wannan wasa shi ake kira kayitsafin, wato zamiya a kan ruwa da ƙarfin iska. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su suka yi rajistar fasahar laimar da ake hura wa iska a 1984, wadda idan ta faɗa ruwa ba ta nitsewa kuma ana iya sake tayar da ita. Shekara 40 bayan haka, a 2024, wasan ya shiga gasar Olamfik ta Paris, aka fafata a tekun Marseille, inda Ellie Aldridge ta Birtaniya da Valentin Bontus na Ostiriya suka ci zinare.

Wasa ne da ba a yinsa a ko'ina. Yana buƙatar ruwa mai faɗi da iska mai ɗorewa, shi ya sa masu yinsa kullum suna kan hanya: Dakhla a Yammacin Sahara, El Gouna a gabar Bahar Maliya ta Masar, Paje a tsibirin Zanzibar, Cape Town a Afirka ta Kudu, Tarifa a kudancin Sifaniya, ko arewa maso gabashin Brazil. Kafin kowace tafiya kuma tambaya guda ce ke dawowa: a yi dakon kaya daga gida, ko a je can a yi haya? Amsar tana da lissafi, kuma kusan dukkan lissafin ana iya kammala shi da wayar hannu tun kafin a biya kuɗin tikiti.

Me ke cikin jakar?

Kayan wasan sun kasu kamar haka, tare da kimanin nauyin kowanne:

- Laima: ana auna girmanta da murabba'in mita, galibi daga 5 zuwa 17. Kowace tana kai kilo 2.5 zuwa 4.
- Sandar tuƙi da igiyoyinta: igiya huɗu ko biyar, tsawonsu yawanci mita 20 zuwa 24. Kilo ɗaya da ɗoriya.
- Allo: wanda aka fi amfani da shi yana da tsawon santimita 130 zuwa 145. Kilo 3 zuwa 4 idan an haɗa da maƙalan ƙafa.
- Ɗamara: ita ake ɗaurawa a ƙugu, a maƙala sandar a jikinta, don kada ƙarfin laima ya ƙare a hannu. Kilo 1 zuwa 2.
- Famfon hura laima: wajen kilo 1.
- Rigar ruwa mai riƙe ɗumi, hular kwano da rigar kare ƙirji: kilo 2 zuwa 3 a haɗe.
- Jakar kanta, idan mai taya ce: kilo 3 zuwa 4.

Idan aka haɗa laima uku da sauran kayan, an kai kilo 22 ko 23 tun ba a sa ko singileti ɗaya ba. Wannan adadi shi ne daidai iyakar jaka guda a yawancin jiragen ƙasa da ƙasa.

Me ya sa laima ɗaya ba ta isa?

Wanda bai san wasan ba zai ce a ɗauki laima ɗaya mana a huta. Abin da ke hana haka shi ne yadda ƙarfin iska ke ƙaruwa. Ana auna gudun iska a wannan harka da ma'aunin not, kuma not ɗaya daidai yake da kilomita 1.852 a awa. Ƙarfin da iska ke bugun laima da shi yana bin gudunta ne sau kansa. Idan iska ta tashi daga not 15 zuwa 21, ƙarfin jan ya kusa ninkawa biyu. Idan ta kai not 30, ya ninka huɗu. Laimar da ke jan mutum cikin daɗi da hantsi tana iya zama abin da zai maka shi da ƙasa da la'asar.

Akwai ɗan lissafin kimantawa da masu wasan ke yawan amfani da shi: nauyin mutum da kilo, a raba da gudun iska da not, a ninka da 2.2. Mai kilo 75 a iskar not 15 yana buƙatar laima mai murabba'in mita 11. A not 22 sai ta koma 7.5. A not 12 kuwa yana neman kusan 14. Mutum ɗaya, allo ɗaya, amma laima uku mabambanta a cikin mako guda. Lissafin kimantawa ne kawai, domin girman allo, gwanintar mai wasa da ma zafin gari suna canza shi. Iska mai zafi ba ta da kauri kamar mai sanyi, saboda haka not 18 a Zanzibar ba ya ja kamar not 18 a Cape Town.

Daga nan ake gane cewa kayan iri biyu ne. Akwai waɗanda jikin mutum ke zaɓa, kamar ɗamara, rigar ruwa da hular kwano, waɗanda ko ina aka je girmansu ɗaya ne. Akwai kuma wanda iskar ranar ke zaɓa, wato laima. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk shawarar.

A fara tambayar waya

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙirga kwanakin hutu a matsayin kwanakin wasa. Wanda zai yi kwana bakwai a bakin teku ba lallai ya samu iska kwana bakwai ba. Manhajoji uku ne suka fi shahara wajen duba wannan: Windy, wadda Ivo Lukačovič ɗan Jamhuriyar Cek ya ƙaddamar a 2014, sai Windguru da Windfinder. Duka ana samunsu kyauta, tare da ƙarin wasu abubuwa ga mai biyan kuɗi.

Hasashen gobe da jibi ba shi ne abin nema ba a wannan mataki, domin tikiti ana sayensa ne makonni ko watanni kafin tafiya, kuma hasashen da ya wuce 'yan kwanaki ba abin dogaro ba ne. Abin dubawa shi ne tarihin iskar wurin a watan da za a je: kashi nawa cikin ɗari na ranakun watan iska ke wuce not 12, kuma tsakanin nawa da nawa take yawo. Amsar farko ita ke ba da kwanakin wasa. Ta biyu ita ke faɗin laima nawa ake buƙata.

Wurare sun bambanta ƙwarai a nan. A Paje akwai lokutan iska biyu: Kusi mai zuwa daga kudu, daga Yuni zuwa Satumba, da Kaskazi mai zuwa daga arewa, daga Disamba zuwa wajen Fabrairu. Iskar can ba ta cika tsanani ba, ruwan kuma da ɗumi, don haka manyan laimomi ake so kuma ba a buƙatar riga mai kauri. A Cape Town daga Nuwamba zuwa Maris iskar kudu maso gabas tana da ƙarfi sosai, ruwan kuma sanyi gare shi, sai ƙananan laimomi da rigar ruwa mai kauri. Tarifa ita ce mai wuyar sha'ani, saboda iska biyu ke karɓa-karɓa a wurin: Levante daga gabas mai ƙarfi da fizga, da Poniente daga yamma mai sauƙi da daidaito. Mai zuwa Tarifa da kayansa sai ya shirya wa duka biyun, jakarsa kuma ta yi nauyi kenan.

Abu ɗaya da ya kamata a sani game da manhajojin: lissafinsu yana fitowa ne daga manyan tsare-tsaren hasashen yanayi irin su GFS na Amurka, ECMWF na Turai da ICON na Jamus. Waɗannan suna yanka duniya gida-gida, kowane gida kilomita da dama. Na ECMWF ma da ake yabo, faɗin gidansa wajen kilomita 9 ne. Iskar da zafin ƙasa ke jawowa daga teku da rana, ko wadda tsauni ke matsewa ta ƙara gudu, sau da yawa ba ta fitowa daidai a irin wannan lissafi. Don haka bayan duba manhaja, yana da kyau a tura wa wata cibiyar wasan da ke wurin saƙo ta WhatsApp, a faɗa musu nauyin jiki da watan zuwa, a tambaye su girman laimar da aka fi hawa. Amsarsu ta fi kowace taswira kusa da gaskiya.

Dokar kamfanin jirgi

Duk wanda ya taɓa raka alhaji filin jirgi ya san yadda awon kaya ke tayar da hankali. A jiragen ƙasa da ƙasa, ƙa'idar da aka fi bi a ƙaramin aji ita ce jaka kada ta wuce kilo 23, kuma tsawo da faɗi da kauri idan aka haɗa kada su wuce santimita 158. Akwai kuma iyakar kilo 32 da yawancin kamfanoni ba sa karɓar jaka guda da ta haura shi ko da za a biya, saboda lafiyar masu ɗaga kaya. Jakar allo mai tsawon santimita 140, faɗi 45, kauri 30, ta kai 215. Ta wuce ƙa'ida ko da babu komai a cikinta sai allon.

Saboda haka jakar tana shiga sashen kayan wasanni, kuma kowane kamfani da nasa tsarin. Wani yana ƙirga ta cikin kayan da tikiti ya ba da dama matuƙar nauyin bai wuce ba. Wani yana cajin kuɗi na musamman a kowace tafiya, zuwa daban, dawowa daban. Wani kuma sai an sanar da shi kwana ɗaya ko biyu kafin tashi. Biya ta intanet tun da wuri galibi ya fi biya a kanta sauƙi. Abubuwa uku ne ke yawan kama mutane:

1. Tikiti biyu daban-daban. Idan an sayi rabin tafiya a wani kamfani, rabi a wani, kowanne zai caji nasa, kuma sai an karɓi jakar an sake miƙa ta a tsakiya.
2. Ƙaramin jirgi a zangon ƙarshe. Jiragen da ke zuwa tsibirai da ƙananan garuruwa wani lokaci ba su da wurin doguwar jaka.
3. Jakar golf. Wasu kamfanonin jirgi suna sassauta wa kayan golf, shi ya sa ake ɗinka jakunkunan kayitsafin masu kama da na golf. Idan ma'aikaci ya buɗe ya ga laima, zai iya cajin cikakken kuɗi a wurin, kuma idan kaya suka lalace, neman diyya kan abin da aka rubuta da wani suna yana da wuya.

Dabara mai sauƙi ita ce a ɗauki hoton shafin dokar kamfanin a waya, da ranar da aka duba, a ajiye tare da rasiɗin biya. Ba kowane ma'aikacin kanta ne ya haddace dokar kayan wasanni ba.

Abin da haya ke bayarwa, da abin da take nema

Babbar ribar haya ita ce canji. A yawancin cibiyoyi, wanda ya biya kuɗin yini yana iya mayar da laima 12 ya karɓi 9 idan iska ta ƙaru, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Tamkar yana da duk laimomin da ke shagon ne. Cibiyoyi da yawa kuma suna sabunta kayansu a kai a kai daga kamfanoni irin su Duotone, North, Cabrinha, Core da F-One, don haka mai niyyar saye yana samun damar gwadawa kafin ya zuba kuɗi, tunda sabuwar laima guda tana haura yuro 1,000. Sau da yawa kuɗin hayar ya haɗa da mai taimakawa wajen tayar da laima da sauke ta, da kwalekwalen ceto idan iska ta ɗauke ko ta tura mutum cikin teku.

Sai dai ba kowa ake ba haya ba. Cibiya mai mutunci tana son tabbacin cewa mutum zai iya tuƙi yana tunkarar iska, wato ya dawo inda ya tashi, kuma ya iya ceton kansa idan laima ta faɗi ta ƙi tashi. Shaidar da aka fi karɓa ita ce katin IKO, ƙungiyar da aka kafa a 2001 mai horar da malaman wasan a duniya, a mataki na 3, ko lasisin VDWS ta Jamus. Wanda ba shi da kati, akan sa malami ya kalli hawansa kafin a sakar masa kaya, kuma ana iya cajin wannan. Wanda bai kai matakin ba, darasi zai biya, kayan kuma suna cikin kuɗin darasin. Don haka ga ɗan koyo tambayar haya ko dako ba ta ma taso ba: ya tafi da kayan sawarsa kawai.

Sauran sharuɗɗan su ne kuɗin jingina da ake riƙewa a katin banki, inshorar lalacewa da ake biya daban, iyakar wurin da aka yarda a yi wasa, da lokacin rufe shago. Wanda ke son shiga ruwa da sassafe ko dab da magariba zai iya tarar da ƙofa a kulle. A ranar da iska ta yi kyau kuma kowa girma ɗaya yake nema, mai zuwa a makare sai ya tarar an kwashe.

Lissafin kansa

Ana iya yin wannan a Google Sheets cikin minti biyar. A zuba lambobi shida:

- A1: kuɗin jaka a jirgi, zuwa da dawowa
- A2: ƙarin kuɗin mota saboda doguwar jaka
- A3: kuɗin ajiyar kaya da ceto a cibiya, na yini ɗaya
- A4: kwanakin zama
- A5: kuɗin haya na yini ɗaya, haɗe da inshora
- A6: rabon kwanakin iska, misali 0.6 idan kashi 60 ne cikin ɗari

Kuɗin dako shi ne =A1+A2+A3*A4. Kuɗin haya kuma =A5*A4*A6.

Layin A3 shi mutane suka fi mantawa. Mai kayansa ma yakan biya cibiya kuɗin wurin ajiya, wurin wanke kaya da kwalekwalen ceto, musamman inda iska ke kaɗawa daga tudu zuwa cikin teku.

Ga misali da lambobin da aka ɗauka don gwaji kawai, kowa ya sa nasa na gaskiya: jirgi yuro 150, mota 30, ajiya 10, haya 70, rabon iska 0.6. A tafiyar kwana 4, dako ya kama 220, haya 168. A kwana 7, dako 250, haya 294. A kwana 14, dako 320, haya 588. Idan kuma a tafiyar kwana 7 ɗin an je ne a watan da rabon iska bai wuce 0.3 ba, haya ta sauko 147, dako yana nan a 250, domin kamfanin jirgi ba ruwansa da ko iska ta kaɗa.

Abin da lambobin ke nunawa shi ne kuɗin dako kusan a tsaye yake, na haya kuwa yana hawa da kowace ranar wasa. Gajeriyar tafiya ko wurin da iskarsa ba ta da tabbas, haya ta fi. Doguwar tafiya a tsakiyar lokacin iska, dako ya fi. A tsakani, inda bambancin bai wuce kuɗin hayar yini guda ba, sai a duba wahala: jan jaka mai kilo 23 a filin jirgi, neman motar da za ta ɗauke ta, da fargabar ko za ta iso.

Tambaya ɗaya tana iya juya lissafin gaba ɗaya, kuma a yi ta a rubuce kafin a biya: idan an sayi hayar mako, kwanakin a jere ake ƙirga su ko sai ranar da aka shiga ruwa? Idan a jere ne, to a mayar da A6 zuwa 1, domin za a biya har ranar da ko ganye bai motsa ba.

Hanya ta uku: a raba kayan

Da yawa daga cikin masu yawan tafiya ba sa zaɓar ɗaya daga cikin biyun. Suna ɗaukar abin da jiki ke zaɓa, su yi hayar abin da iska ke zaɓa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma a kan ɗamara maganar ta zauna daram. Ɗamarar da ba ta dace da ƙugu ba tana zamewa sama ta matse haƙarƙari, ta goge fata, ta mayar da wasan awa uku ya koma na minti arba'in. Rigar ruwa ma haka, idan ta yi yawa ruwan sanyi ke zagayawa a ciki, ga kuma batun tsafta. Ɗamara, riga, hular kwano da takalmin ruwa duk suna shiga akwatin kaya na yau da kullum ba tare da an biya ko sisi ba.

Akwai kuma masu yin akasin haka ta wani ɓangare. Tunda tsawon allo ne ke jawo cajin jirgi, sai su naɗe laimominsu a akwati na yau da kullum, su yi hayar allo kawai, wanda ya fi hayar cikakken kaya araha. Wasu kamfanoni ma suna ƙera allo mai rabuwa biyu don ya shiga akwati.

Inda ake buƙatar taka-tsantsan shi ne haɗa sandar wani kamfani da laimar wani. Wurin da igiyoyin gaba ke rabuwa ya bambanta, a wasu yana sama, a wasu yana ƙasa, kuma yadda ake ƙulla bakin igiya ma ba ɗaya ba ne. Haɗin da bai dace ba yana canza tashin laima, yana kuma iya hana ta mutuwa yadda ya kamata idan an saki maɓallin gaggawa. Cibiyoyi da yawa ba sa yarda a haɗa sandar waje da laimarsu, sai a tambaya tun daga gida.

Idan dako aka zaɓa

Ƙaramin sikelin rataye na dijital shi ne na'urar farko da za a saya. A auna jaka a gida, a kuma bar sararin kilo ɗaya, domin a dawowa yashi da danshi suna ƙara nauyi. A kwance ƙayoyin ƙasan allo, a naɗe gefunansa da rigar ruwa ko tawul. A cire laimomi daga jakunkunansu na goyo don rage nauyi, a tabbatar sun bushe kafin a naɗe. Wuƙar yanke igiya da sukudireba su shiga jakar da za a miƙa, ba ta hannu ba. A tafi da kayan faci na yadin laima da na tiyub ɗin ciki, da bawul na sauyi, domin zafi yana sa gam ɗin bawul ya saki, musamman idan an bar laima a cikin mota da rana.

A jefa na'urar bibiya a cikin jakar, AirTag ga mai iPhone, ko SmartTag ga mai Samsung. Ƙaramin batir ne a cikinsu, kuma an yarda su shiga kayan da ake miƙawa. Tun daga iOS 18.2 da ya fito a Disamba 2024, mai AirTag yana iya tura wa kamfanin jirgi mahaɗin da ke nuna inda jakarsa take. Fawa bank kuwa da duk wani batirin litiyom da ba a cikin na'ura yake ba, dole su kasance a jakar hannu. Iyakar da ba ta buƙatar izini ita ce Wh 100, daga nan zuwa 160 sai da yardar kamfani. Fawa bank mai mAh 20,000 a kan bolt 3.7 yana kama Wh 74, ya shige. Mai famfon lantarki ya duba rubutun jikin batirinsa da wannan ido.

Idan jaka ta iso a fashe ko ba ta iso ba, a cike takardar ƙorafi da ake kira PIR kafin a bar filin jirgi. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba da kwana 7 don kai ƙorafin lalacewa a rubuce, da kwana 21 idan jinkiri ne. Iyakar diyyar kaya ga fasinja guda, tun daga 28 ga Disamba 2024, ita ce SDR 1,519, kusan dala 2,000. Laima uku sababbi da allo sun wuce wannan kuɗi nesa, don haka mai kaya masu tsada ya nemi inshorar tafiya da ta ambaci kayan wasanni ƙarara, ya kuma ɗauki hoton kayan da rasiɗansu kafin ya rufe jaka.

Idan haya aka zaɓa

Kafin a sa hannu, a ɗauki bidiyon laimar da allon da waya a gaban ma'aikacin, a nuna duk wani faci ko ƙarzuwa. A hura laima a bar ta minti biyar zuwa goma a ga ko tana sacewa. A miƙe igiyoyi a duba ko akwai ƙulli ko wurin da ya fara tsinkewa, domin ƙulli guda yana rage ƙarfin igiya sosai. A gwada maɓallin gaggawa a kan tudu, a sake shi, a mayar, har hannu ya saba, tunda na kowane kamfani da yadda yake. Akwai ƙa'idar duniya kan wannan maɓalli, ISO 21853 ta 2020, kuma ba laifi a tambaya ko sandar ta cika ta. A karanta abin da inshorar ta rufe, domin sau da yawa tana biyan gyaran yagewa amma ba ta biyan kayan da suka ɓace a teku. Idan an nemi fasfo a matsayin jingina, a ba da kwafi ko kuɗi, fasfon ya zauna a hannun mai shi.

Wa ya dace da me?

Ɗan koyo ya biya darasi, ya bar maganar kaya. Wanda zai yi kwana uku zuwa biyar, ko ya haɗa wasan da wata hidima kamar taro ko ziyara, haya ta fi masa, ya sa ɗamararsa a akwati. Wanda zai yi mako biyu ko fiye a lokacin da iska ke kan ganiyarta, dako zai fitar da kuɗinsa. Haka ma mai yawo daga wuri zuwa wuri, kamar masu bin iska daga Cumbuco zuwa Jericoacoara a gabar Brazil, waɗanda ke tashi a wani gari su sauka a wani, domin hayar shago guda ba ta bin mutum irin wannan tafiya. Mai nauyin da ya fita daga na yawancin mutane, ko sama ko ƙasa, ya tabbatar cibiyar tana da girman laimarsa da ɗamararsa kafin ya dogara da ita.

Tsarin aikin dai shi ne a duba tarihin iska, a tambayi cibiya farashi da sharuɗɗa a rubuce, a karanta dokar jirgi, a zuba lambobin a Sheets, sannan a sayi tikiti. Wani lokaci tikitin da ya fi tsada da yuro 40 amma ya yarda da jakar wasanni kyauta shi ne mafi araha, kuma ba a gane haka sai an yi lissafin kafin biya.